Haƙorin Ummi a Bayan Ɗakin Amarya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai 'yar yayana ɗakin mijinta a Zandam ba, don saura ƙiris a ce ni na je kashe auren.

Ni dai Allah ya yi ni da fargaba. Ko ƙofa na kulle sai na koma na taɓa kwaɗon. To mun baro Kiyako ke nan a motar 'yan kai amarya, 'yata Ummi tana shan rake, sai ta ce, "Umma, kin ga!" Haƙorinta na gaba ne a tafin hannu, famfarar farko. Na yi wuf na ƙulle shi a hankici, don tun muna yara ake ce mana in ƙadangare ya ga haƙorin da ya faɗi, sabo ba zai fito ba. (Malaminmu na firamare ya ce ƙarya ne. Amma ai ba 'yarsa ce za ta girma da giɓi ba.)

Nan matan mota kowa ta kawo tata. Wata ta ce a jefa kan rufi yadda aka saba. Maƙwabciyata Hajiya Talatu ta ce a Makka ta ji Larabawa rana suke jefa wa. Wata budurwa ta ce ta gani a waya, Turawa ƙarƙashin matashi suke sawa, wai wata aljana ta zo ta ɗauka. Na ce a'uzubillahi, ba da 'yata ba.

Rufin ma bai kwanta mini ba, ai can ƙadangaru ke shan hantsi. In riƙe har mu koma gida kuma, in ya faɗi fa? Sai na yanke shawarar binnewa.

Da muka isa, ana ta guɗa ana jera kwanuka, na sulale bayan ɗakin amarya. Na tsuguna, na lulluɓa da mayafi, ina tonon ƙasa da tsinke ina bisimilla ƙasa-ƙasa.

"Baiwar Allah, me kike binnewa?"

Yayar ango ce tsaye a kaina. Na ce, "Ba komai." (Duk duniya babu amsar da ta fi wannan muni.)

Kafin in miƙe mata sun cika wurin. "Ƙulli ne wallahi!" "Kuma gwaggon amarya ce fa." "Ashe da shirinsu suka zo, a mallake mana yaro!"

Yayar ango ta ce, "Kwance mu gani."

Na ɗaga kai zan yi bayani, sai ga wani ƙaton ƙadangare mai jan kai a kan katanga, yana kallona yana gyaɗa kai. Na ce, "Ba zan kwance ba sai an kori wancan."

"Wa?"

Na nuna shi. Can wata ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi, har da shi ake yi?"

Ana haka kakar ango, Inna Yalwa, ta ratso da sandarta. "Miƙo nan, 'yar nan." Na miƙa mata. Ta kwance, ta kai kusa da ido, ta juya shi. Sai ta ƙyalƙyale da dariya, bakin nan dasashi zalla.

"Wa ya yi famfara a cikinku?"

Ummi ta leƙo daga bayan zanina ta washe baki.

Jama'a, dariyar da aka yi har amarya sai da ta leƙo ta taga. Yayar ango ta zauna daɓas a ƙasa tana share hawaye. Da na faɗi dalilina, Inna Yalwa ta ce, "To ni ku nemo mini ƙadangaren da ya gane mini nawa, mu je gaban mai unguwa." Ta damƙa wa Ummi haƙorin. "Rufe ido, amaryar maigidana, jefa kan rufin nan. Ai mun zama ɗaya." Ummi ta cilla, aka rangaɗa mata guɗa kamar ita aka kawo.

Haƙori ya fito fes, ga shi nan tana gasa wa rake aya a hannu. Ni kuwa da na koma suna bana, tun daga zaure yara ke shela, "A kori ƙadangaru, Gwaggo ta iso!"

Abin da na koya shi ne, komai ƙanƙantar abu, in ka tsuguna kana ɓoye shi a gidan surukai, sai ya zama babba. Yanzu in ƙanin Ummi ya yi famfara, shela zan yi unguwa ta ji. Amma dai zan fara duba katanga.