Ranar da Na Kashe Gobarar da Babu Ita

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka kawo lefen Zainabu, ƙanwar mijina, duk da cewa na yi iya ƙoƙarina in manta. Dangin mijina ne suka ƙi ba ni dama.

Wata huɗu kafin nan na kwanta da zazzaɓin nan da ya riƙa ɗauke wa mutane jin ƙamshi. Na warke, amma hancina ya yi tafiyarsa. Da ya dawo kuma sai ya dawo da hauka. In ana soya albasa, warin kwata nake ji. Nama ya koma ruɓaɓɓen ƙwai. Shayi a bakina kamar an jiƙa tsohuwar ƙusa. Farar shinkafa da gurasa kaɗai nake iya haɗiyewa, har mata suka fara yi mini murmushi suna kallon cikina (na bar su a haka, don ya fi mini sauƙin bayani).

Ban gaya wa kowa ba sai mijina, shi ma na sa ya yi alkawarin yin shiru. Dalili kuwa girman kai ne. A gidan surukaina da ke Dukawuya ni ce mai hanci. Surukata, Hajiya Babba, ba ta yarda a sauke miyar biki sai na ɗanɗana. Na taɓa gane daddawa ta lalace tun daga zaure, aka shekara ana ba da labarin. Yaya zan buɗe baki in ce yanzu ban san bambancin miyar kuka da ruwan wanki ba?

Ranar lefen, bayan azahar, dangin ango suka iso da akwatuna. Jagorarsu gwaggonsa ce, Hajiya Yagana, 'yar asalin Barno da ta tsufa a Ƙofar Nassarawa tana sana'ar haɗa turare. Aka shigar da su falo, ni kuma ina kicin ina jera alkaki da dubulan a faranti.

Sai na ji ƙauri. Ƙaurin wayar lantarki sak, irin wanda ke shiga har maƙogwaro. Tsohon gida ne, wayoyinsa sun girme ni. Na tambayi Anti Rabi, matar wan mijina, ko tana jin wani abu. Ta ce ita dai ƙamshi take ji mai daɗi. A raina na ce ai dama Anti Rabi ba ta da hanci (ku duba wa ke faɗar haka).

Na leƙa tsakar gida, sai ga hayaƙi yana fitowa ta ƙasan labulen falo. Ban tsaya tunani ba. Na ruga na kashe wutar gidan gaba ɗaya, na suri bokitin da na fara gani, wanda kuwa ruwan wanke-wanke ne, na yaye labule ina ihun wuta, na sheƙa shi da duk ƙarfina.

Kasko ne. Kaskon turaren wuta, Hajiya Yagana tana durƙushe a gabansa tana fifita garwashi. Ruwan ya samu kaskon, ya samu lafayarta, sauran ya ƙarasa cikin akwatin leshi da aka buɗe ana nunawa. Fanka ta gama juyinta na ƙarshe ta tsaya a kan mata fiye da ashirin. Har yau ina ganin yankan albasar da ya zauna daram a kafaɗar baiwar Allah.

Hajiya Babba ce ta fara magana, a hankali. "Ke, lafiyarki kuwa?"

Wata daga cikin baƙin ta ce turaren nan tun kafin azumi aka jiƙa shi musamman saboda amarya. Wata kuma ta ce, ba ƙasa-ƙasa sosai ba, in ba a son lefen ai da baki ake faɗa. Na hango Zainabu ta taga, ta dafe kai. A nan na gane ko dai in faɗi gaskiya, ko in zama matar da ta ɓata auren ƙanwar mijinta da bokiti.

Na durƙusa, bokitin yana hannuna, na faɗi komai. Zazzaɓin, albasar, shayin, da cikin da babu shi. Ina yi ina kuka.

Hajiya Yagana ta cire albasar daga kafaɗarta, ta dube ni. Ta tambaye ni nama fa, yaya nake jin sa? Na ce ruɓaɓɓen ƙwai. Man goge baki fa? Na ce kananzir. Sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Ni da na yi irin wannan, taya ake ƙonawa a hancina," ta ce. "Wata bakwai. Mai sayar da turare fa, 'yata. Da ido nake aunawa, 'yata ta fari tana sansana mini, kuma ko maƙwabciyata ba ta sani ba."

'Yan rakiyarta suka riƙa kallon juna, don su ma ranar suka fara ji. Daga nan falon ya saki. Aka kunna wuta, aka ba Hajiya Yagana zani ta canza, aka kwashe leshin aka shanya, aka ci gaba da ƙirga kaya.

Kafin su tafi ta ja ni gefe. Ta ce in samu kanumfari da citta da ɓawon lemo da ɗan itacen sandal, in riƙa sansana su ɗaya bayan ɗaya safe da yamma, ina tuna yadda na san su a da. Ta ce hancin hanya ya ɓace masa, sai an riƙa nuna masa gida. Da na je asibiti daga baya, likita ma kusan abin da ya ce ke nan.

An ɗaura auren lafiya. Ni kuwa na yi ta sansane-sansanena kamar mai neman ɓataccen abu, makonni ba labari. Wata safiya na buɗe kwalbar kanumfari sai na ji kanumfari. Na zauna a ƙasan kicin ina shaƙa, na kira Hajiya Yagana a waya, ta yi mini guɗa. Yanzu shayi ya dawo, nama ya kusa. Ni da albasa ne dai har yau ba mu shirya ba, amma muna gaisawa.

A gidan surukaina an sauke ni daga sarautar hanci, an naɗa ni 'yar kwana-kwana, har jikokin Hajiya Babba haka suke kirana. Abin da na koya shi ne, larurar da ka ɓoye ita za ta zaɓi ranar bayyana kanta, kuma ranar taro take so. Sannan in kowa a gida yana murmushi kai kaɗai kake jin gobara, ka fara ɗaga labule kafin ka ɗaga bokiti.