Mushe Santimeti da turaku goma sha biyu

Duk kwarin Buza babu mai ilimin awo kamar Mushe Harisu, mushe irin na Faransanci, wato Malam. Kwana uku ya yi a wani taron horo a Tawa, ya dawo da hula mai tambari da kalma guda: santimeti. Ko shayi aka zuba masa sai ya ɗaga kofi ya ce saura santimeti biyu. Haka sunan ya bi shi, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Da furoje, wato shirin raya karkara, ya zo awon gonakin fadama da ƙaramin jirgin nan marar matuƙi da mutane ke kira shirwa, wa za a naɗa shugaban kwamiti in ba shi ba? Injiniya Rukaiya ta kafa turaku goma sha biyu daga bakin ƙorama har gindin dutse, kowane da na'ura a kansa kamar murfin kwano. Ta auna mazaunin kowanne ta rubuta, ta ce da su shirwa ke gyara lissafinta, don haka kada a taɓa. Lokacin Mushe yana gyara hula.

Ya hau turmi ya yi jawabi.

"Jama'a, zamanin iyaka da kututture ya wuce! Ni da Hama shekara tara muna jayayya kan rijiyar garkata ta albasa. To, abin da shirwa ta hwaɗi shi ne hukunci. Wanda ya musa mata ya musa ma ilimi."

Ya sa dattawa suka shafa fatiha a kai. Hama maƙwabcinsa, mai shanu da 'yar gona, ya ce, "Ranka shi daɗe, mun ji."

Sai Mushe ya zaga ya ƙirga. Gonar Hama turke ɗaya, ta gwauruwa Fatsima ɗaya, garkar shugaba ko ɗaya babu. Ina aka taɓa raba goro a tsallake liman? Da hantsi ya tuge biyar da hannunsa, ya jera su gefen garkarsa reras, yadda ake jera duwatsun tare ruwa. A nan ƙasar Adar ai ba a barin abu warwatse. Ya ja baya ya duba, ya ga ko santimeti bai kauce ba.

Shirwa ta tashi. Turaku, bayin Allah, ba su san sun yi ƙaura ba, lissafi na nan a tsohon mazauninsu. Da taswira ta fito, iyaka ta ja gabas: rijiya da fangalin albasa duk sun faɗa wajen Hama. Rabon Mushe yashin ƙorama da ƙaya biyu.

Rukaiya ta daɗe tana duban taswirar. Ta ce a gaban jama'a, "Wannan ba ta yi kama da ƙasa ba. In wani ya taɓa turke, ya faɗa, gobe mu sake awo."

Mushe ya dubi rijiya, ya dubi jama'a, ya taɓa hula. Kunya ko garka, dole ya bar ɗaya.

"Madam," ya ce, "ƙarƙashin shugabancina ko akuya ba ta kusanci turke ba."

Aka sake shafa fatiha.

Hama dai mutum ne mai kara. Kowace kaka yana aika wa Mushe gabu, busasshen ganyen albasa, cikin tiya, a cike, ba saura ko santimeti.