Rasuwar Wayar Ƙarfe Mai Juya Wutsiyar Jirgi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da farata masu cike da baƙin mai, ni tsohon makanike a rumfar gyaran jiragen sama nake sanar da rasuwar abokiyar aikina ta shekara talatin da ɗaya, wato wayar ƙarfen nan da ta miƙe daga sitiyarin matuƙi har wutsiyar jirgi.

Marigayiya ba ta san gardama ba. Matuƙi ya ja, ta ja. Ya saki, ta saki. Ko shirme ya tafka, haka take kai wa wutsiya saƙon ba ƙari ba ragi. Ɗan man shafawa kawai take nema. Da safe nakan ƙyasta ta da babban yatsa. In ta ce "tum", lafiya lau. In ta ce "ɓarr", sai in ɗauko sifana. Akwai ma'auni, amma shi shaidar kunnena kawai yake yi.

Ciwon ajali ya kama ta ranar da kamfani ya sayo sabon jirgi. Na leƙa cikinsa neman 'yar'uwarta, na tarar da wasu siraran wayoyin lantarki. Wai yanzu matuƙi zai motsa wani ɗan mariƙi a gefensa, saƙo ya bi waya zuwa kwamfuta, kwamfuta ta yi shawara da 'yan'uwanta, sannan su ba wata na'ura mai aiki da mai umarnin motsa fiffike. In ya nemi abin da zai kifar da jirgi, su ce a'a. Mutum da furfurarsa yana neman izini wurin akwati! Abin haushin, aikinsu yana kyau, na rasa inda zan kama in zage su.

Ta rasu ta bar kwamfutoci masu sa wa juna ido, waɗanda ba sa amsa gaisuwa, da sifana ɗaya, da ni. Sau biyu aka zaunar da ni jarrabawar sabon jirgi. Na kara kunne a jikin akwatin, bai ce komai ba. Ni ma ban ce komai a takarda ba. Gaskiya abin ya yi mini ciwo.

Ba za a binne ta ba. Na yanko tsawon taku goma na kawo gida, uwar yara ta riga ta shanya wanki a kanta. Da hannuna na ɗaure ta, na ƙyasta, ta ce "tum".

Masu ta'aziyya su zo bayan gida, kusa da famfo. Kada kowa ya damu da lokaci. Daga ranar Litinin kullum ina nan.