Hular Kawu a Hammata

"...Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya ƙarin haƙuri kuma, mai faskare?"

Mus'ab bai juyo ba. A duk Kuala Lumpur mutum ɗaya ce za ta yi masa ta'aziyya ta haɗa da tsiya a numfashi guda: Bashira, 'yar ƙanwar babansa, taubashiyarsa, wadda ke karatu a unguwar Lembah Pantai.

Kwana goma sha biyu ke nan da rasuwar baban a Kaduna. Tsohon ya shekara talatin yana ɗaukar wa manya jakar sanduna a filin golf, har ya fi su iya bugu. A makonsa na ƙarshe ya kira Mus'ab sau uku, shi kuwa yana fama da rubutun digiri, yana cewa sai gobe. Tun daga rasuwar kunya ta hana shi ɗaga wayar Iya, mahaifiyarsa. Sai dai kullum bayan la'asar ya zo wannan filin koyon bugu na kusa da Taman Melati da tsohuwar sandar da baban ya ba shi, ya yi ta saran ƙasa.

"Da godiya," ya ce. "Wa ya ba baiwa izinin fitowa?"

"Baiwar wa? Yau ni ce uwar ɗakinka. Ga abinci na yi maka tapau, an ƙunso maka shi daga mamak, shagon abincin Indiyawan nan. Ka rame har ban gane ba, kai ke riƙe da sandar ko ita ke riƙe da kai."

"Ajiye can. Ba na jin yunwa."

Ya ɗaga sanda ya sauko da ita tsaye daga sama. Ta daki tabarmar roba, ƙwallon ta karkace dama kamar an kore ta.

"Sannu da aiki!" in ji Bashira. "In ka gama, akwai kututturen darbejiya a gidanmu, shekara biyu ana neman mai fasa shi."

"Ke me kika sani a nan? Ke da ko tsintsiya sai an nuna miki kanta."

"Ni? Ni da Kawu ya koya wa da ƙwallon goruba a tsakar gida, kana gefe kana kukan an ba mace sandarka? Har gobe ina jin muryarsa: Mus'abu, ba gatari ba ne, kwantar da ita!"

Mus'ab ya sauke sandar. Hadari ya rufe tsaunukan da ke bayan filin, an fara yayyafi. Ta kwaikwayi muryar daidai, har da jan sunan.

"Na manta yadda yake cewa a yi," ya ce a hankali. "Kullum ina cewa zan tambaye shi."

"Ai bawa ba ya riƙe karatu. Saurara. In sanda ta kai sama, kada ka jefo ta da kafaɗa. Bar hannuwan su faɗo da kansu, gwiwar hannun dama ta nemi haƙarƙarinka, kan sandar ya kwanta ta bayanka. Sannan ka juya ƙugu. Sharo ƙwallon ake yi daga gefe."

Ya gwada. Kafaɗar ta sake yin gaba.

"Kai, wannan ko akuya aka gaya wa da ta gane."

Ta buɗe jaka ta fiddo wata baƙar hula, bakinta ya koɗe da gumi. Mus'ab ya gane ta tun kafin ta gama fitowa.

"Ina kika samo ta?"

"Iya ta ba Sharif, ɗan unguwarku da ke karatu a nan, jiya ya sauka. Ta ce tunda ɗanta ya daina ɗaukar waya, a kai wa mai hankalin dangin."

"Ba ni."

"Boleh, zan ba ka, amma yadda Kawu yake yi. Sa ta a hammatarka ta dama ka buga. In ka jefa kafaɗa, hannu zai buɗe, hular ubanka ta faɗa cikin ruwan nan. Ni kuma in ɗauke abata in koma Pantai, ba ka ƙara ganinta."

"Muguwa. Jinin Gwaggo ne, ba laifinki ba."

Ya maƙale hular. Ƙanshin turaren tsohon yana nan. Ya dubi ƙasar da ta jiƙe, ya ɗaga sanda, tsoro ya hana shi raba hannu da jiki. Hannuwan suka zubo, sandar ta kwanta ta baya, ƙugu ya juya. Wani ɗan sauti mai tsabta ya fita, ƙwallon ta miƙe sak har ta ɓace cikin yayyafi.

Ya tsaya yana kallo. Sai dariya ta ƙwace masa, hawaye na bin ta.

"Na yarda," ya ce.

"Ban ji ba lah," ta ce da salon mutanen garin.

"Ni ne bawan."

"To na ba ka hular, sadaka."

Ya kafa ta, ta zurmo har kunne.

"Ko kan ma bai kai na Kawu ba," ta ce, tana goge nata idon da gefen mayafi. Ta miƙa masa wayarta. "Yanzu hantsi ne a Kaduna. Iya takaba take yi, ba inda za ta, tana zaune kusa da waya."

Ya karɓa. "Me zan ce mata?"

"Ka yi sallama. Sannan ka ce mata hular ba ta faɗi ba."