Ƙafar da Fayil Ya Ce Lafiyarta Lau

Kai mai karatu, wataƙila kana kan bencin sashen gaggawa ranar Talatar da aka shigo da kawuna tela, babur ya kaɗe shi. Kun fi mutum ashirin. Kun ji abin da ya faɗa, kowa ya sunkuyar da kai kan wayarsa.

Bari in tuna muku, tunda mantuwa ta fi sauƙi. An ɗauki hoton ƙashi. Fitilar da ake duba hoto da ita ta mutu tun bara, ɗan ƙarfen da ke nuna dama da hagu a jikin hoto ya ɓace, don haka tsarin gidan shi ne a ɗaga hoto a taga. Likita ya ɗaga shi a baibai. Sai aka kama ƙafar hagu, wadda ƙujewa kawai ta yi, aka shiga naɗa mata filasta.

"Ɗana, ba ita ba ce," in ji kawu. "Ta dama ce, wadda nake taka keke da ita."

"Baba, allurar da aka yi maka ce ke magana. Kai ne likitan ko ni?"

Sau biyu muka koma, aka ce kumburi ne, zai sauka. Bayan sati shida lafiyayyar ƙafa ta fito fes daga filasta, karyayyar ta haɗe a karkace. Keken ɗinkin kawu yana lulluɓe da zane har yau. Aikin tiyata zai iya miƙar da ƙafar, amma asibiti ba ya yi wa ƙafar da fayil ya ce lafiyarta lau aiki.

Na tafi gaban Mai Girma Shugaban Kwamitin Sauraron Koke na asibitin, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi.

"Ranka ya daɗe, ga ƙafar nan. Gani ya kori ji."

"Samari, mu da takarda muke aiki. Fayil ya ce hagu."

"To a fito da hoton."

"Hoto kayan asibiti ne. Ba a nuna wa mai ƙara sai ya kawo hujja."

"Ai hoton ne hujjar."

"Kana da karatu, haƙuri ne ba ka da shi. Wa ya sani ko a gida ya karya ta?"

A yaba musu. Asibitin da bai taɓa kuskure ba tun da aka gina shi ya cancanci lambar yabo, tunda kura ce ke ajiyar naman, ita ce kuma mai binciken wanda ya ci.

Maƙwabciyarmu mai kitso ta ce da ni, "Ɗan nan, ku gode wa Allah, wasu yanke musu ake yi. Ƙaddara ce." Na ce, "Inna, babur ƙaddara ne, na yarda. Amma ba ƙaddara ce ta hana a sa wa fitila ƙwai ba." Ta ce bokona ya yi yawa.

Da na matsa, Mai Girma ya yi rangwame: in kawo shaidu biyu da ba danginmu ba, waɗanda suka ji kawu ya ce ba ita ba ce, sai a buɗe hoton. Ya faɗa yana murmushi, domin ya san halinku.

Kwamiti zai zauna Litinin, ƙarfe goma, ɗaki na ƙarshe bayan wurin karɓar magani. Mutum biyu nake nema cikin ashirin. Ajiye wayar nan ka zo ka faɗi abin da ka ji. Ka tako da ƙafafunka, tun fayil bai yanke hukunci a kansu ba.