Dattijo Ya Rasu da Gishiri a Ƙirji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tafin hannun da har yanzu bai rabu da farin gishiri ba, Mai Inji na masana'antar tace ruwa ke sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar babban matacinsa, wanda kowa ya sani da Dattijo. Ya cika ranar Talata da hantsi a ɗakin injuna, yana da shekara huɗu da wata bakwai, bayan doguwar jinya.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, tantani ne siriri, naɗaɗɗe kamar tabarma a cikin dogon farin bututu. Ana tura masa ruwan rijiya mai zartsi da ƙarfin tsiya, ya fitar da mai daɗi ta gaba, ya koro gishiri ta wani ƙaramin famfo zuwa kwata. Bai taɓa neman hutu ba, bai taɓa shiga ƙungiyar ma'aikata ba. Maganarsa ɗaya ce, "shuuu," daga safe har a tashi aiki. Buƙatunsa a duniya biyu ne: ɗigon maganin da ke hana gishiri daskarewa a jikinsa, da a bar masa famfon kwatar nan a buɗe. Na farkon bai taɓa yankewa ba, don Mai Inji ya fi kula da jarkar maganin fiye da hawan jininsa. Na biyun ne ajalinsa.

Ciwon ya soma ne watan da aka ɗauki Baba Sito aikin kula da sito, ɗakin ajiye kaya. Mutum ne mai tattali, wanda ko ƙusa ya gani a ƙasa sai ya sunkuya ya ɗauka. Shi ne kuma mahaifin matar Mai Inji. Da ya ga ruwa garai-garai na kwarara kwata, abin ya tsaya masa a rai, kullum in ya gifta sai ya murɗa famfon ya rage. Mai Inji ya jira ya ba da baya, ya buɗe. Wata biyar suna haka, suna gaisawa kowace safiya, Mai Inji har ƙasa. Sau uku yana shirya bayanin cewa ruwan nan fitsarin marigayi ne, in an tsare shi ciki zai koma. Sau uku yana zuwa ƙofar sito ya ɓige da tambayar ciwon ƙafa.

Sai aka tura Mai Inji kwas na mako ɗaya. Baba Sito ya samu sarari, ya rufe famfon ruf, ya ɗaure da waya don kada masu almubazzaranci su taɓa. Mai Inji ya dawo ya tarar da allurar agogon matsi a kan ja, muryar Dattijo ta koma "kiii, kiii." An yi masa wankan asid har sau biyu, bai farfaɗo ba. Da aka buɗe shi, gishiri ya zama dutse a ƙirjinsa. Mai Inji ya yi kuka, kuma ba ya jin kunyar a faɗa.

Marigayin ya bar famfon matsi ɗaya mai tura masa ruwa, wanda yanzu ya zama gwauro, da tankuna biyu da babu ko ɗigo a cikinsu, da jarkar magani wadda ta yi iya yinta. Ya kuma bar mai masana'anta, wanda ya tara ma'aikata ya ce duk wanda ya ɗaura wayar nan ya ajiye makullansa ya kama gabansa. Baba Sito yana sito yana jera kwali, bai ma san ana yi ba. Mai Inji ya ɗauki laifin, ya zaro makullan da ya riƙe shekara goma sha ɗaya ya ɗora a kan tebur.

Za a fitar da gawar gobe Alhamis da ƙarfe goma, a baro, zuwa bayan katanga inda ake tara tsofaffin ƙarafa. Zaman makoki a gidan Mai Inji ne, kowace rana, kowane lokaci, yana nan babu inda za shi. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su ɗauko maganar famfo a gaban uwargida. Mahaifinta ne, kuma har yanzu ta ɗauka hutu aka ba mijinta.