Littafin Da Ya Fi Kowanne Tsafta A Ajin Aljabara

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, ranar da na miƙe tsaye a gaban iyayen yara ina gyara hijabi ina murmushi, ina jiran a yaba mini. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai na rufe fuska da tafin hannu, ko da kuwa ni kaɗai ce a ɗaki.

Ni dai karatuna a aji biyar na firamare ya tsaya, can ƙauyenmu wajen Indabo. Ban tsinci abin kirki ba, amma akwai abu ɗaya da na fi kowa a ajinmu, shi ne kyan rubutu. Malaminmu kan ɗauki littafina ya zagaya da shi yana cewa, "Ku ga yadda mutane ke rubutu, ba wannan tonon kajin naku ba." Wanda ya ɓata shafi kuwa bulala biyu ce, babu roƙo. Da wannan na girma. A wurina boko tsafta ce, in littafinka fes yake to kana da ilimi.

'Yata ta fari Walida (sunan surukata gare ta, don haka kada ku tambaye ni sunan yanka) tana aji biyu na babbar sakandare a nan Wudil. Farkon zangon nan aka zaɓe ta cikin wani aji na musamman da ake yi bayan an tashi, na lissafi mai zurfi, wai shi aljabara, wanda ake cakuɗa lambobi da haruffa. Yarinyar nan tun tana ƙarama in muka wuce ƙofar jami'a a adaidaita sai ta nuna ta ce nan za ta zama injiniya. To ajin nan shi ne hanyar. Kujerun kaɗan ne, masu jira a waje suna da yawa, kuma galibin waɗanda aka ɗauka 'ya'yan malaman jami'a ne. Babanta tipar yashi yake tuƙawa daga bakin kogi, ni kuma awara nake yi a gida. Tun ranar da ta zo da albishir murna da fargaba suka haɗu suka zauna mini a ƙirji.

Ranar farko ta dawo da takarda shafi biyu, duk Turanci.

"Umma, zauna in karanta miki. Dokokin ajin ne. Malam ya ce sai iyaye sun ji kafin su sa hannu."

Lokacin madarar waken suya na tafasa a tukunya, ruwan tsami na hannuna. Na ce, "Ke ni rabu da ni kada ta ɓare. Dokar makaranta ai ɗaya ce tun zamaninmu: ladabi, tsafta, sammako. Miƙo biro."

"Umma, wannan fa daban ce."

"Miƙo biro na ce."

Na rattaba sunana, har da ɗan jela a ƙarshe don su san uwar ma ba baya ba ce.

Bayan mako uku, ina shara na ɗaga jakarta littafin lissafin ya faɗo. Na buɗe. Innalillahi! Ban taɓa ganin ƙazantar rubutu irin wannan ba. Nan ta yi layi biyar ta ja musu sanda ta soke, can kibiya ta taso daga sama ta gangaro ƙasa, gefe kuma wasu 'yan ƙananan lambobi sun taru kamar ƙudaje. Shafi guda cur, tambaya ɗaya! Amma da yake ni mai lura ce (wannan lurar ce ta kai ni ta baro), sai na gane cewa duk bayan kacaniyar akwai ɗan gajeren layi a ƙasa wanda take ja wa zane biyu. Na ce a raina, to wannan shi ne amsar, sauran duk dusa ce.

Da yamma kuma na ji tana gaya wa ƙawarta cewa Litinin Malam zai karɓi littattafai ya riƙe, Asabar ya nuna wa iyaye a taro. Na hango matan malaman jami'a da tabarau suna juya littafin nan da ɗan yatsa, suna cewa, "Ta wace ce wannan? Oho, 'yar mai awarar nan."

Sai Allah ya kawo suna a gidan gwaggonta a Achika. Ta tafi Juma'a, sai Lahadi za ta dawo. Na aika aka sayo mini sabon littafi da biro, na shimfiɗa tabarma, na duƙufa. Kwana biyu ina kwafa. Lambar tambaya, amsa. Lambar tambaya, amsa. Kowane harafi sai na zana shi kamar ina zanen lalle. Akwai wani ɗan mitsitsin biyu da take ɗora wa haruffa a kafaɗa, na ga ya yi ƙanƙanta kamar zai faɗo, sai na sauko da shi ƙasa na ba shi girmansa. Abin da ya ci mata shafi arba'in na gama shi a shafi biyar. Na yi wa sabon bango da takardar buhun siminti irin na tsohon, na rubuta sunanta, na saka a jaka. Tsohon kuma na cusa shi cikin tarin takardun naɗe awara da ke kan kwanona. Ban gaya mata ba, wai so nake ta ji yabo daga sama ta yi mamaki. Litinin ta zaro shi ta aza a kan na sauran ba tare da ta buɗe ba.

Ranar Asabar na ce ba zan je wurin malamin 'yata hannu rabbana ba. Na soya awara ta musamman, har da ƙwai, na barbaɗa yaji. Awara mai zafi in ta shiga leda kai tsaye gumi take yi, dole sai an fara naɗe ta a takarda. Na miƙa hannu kan kwano, na yago 'yan shafuka daga tsakiyar tsohon littafin, na naɗe, na sa a leda, na rufe da hijabi.

A ajin aka yi taron. Maza gefe, mata gefe, ɗalibai a bencin baya. Kusa da ni wata mata ce mai tabarau da ake ce wa Dakta, sai ƙamshin turare take. Malam Habibu, mai koyar da ajin, wani dogo ne siriri, duk hannun rigarsa alli. Aka yi addu'a, aka gaisa, aka tambayi gida da yara da aiki. Sai ya jawo tarin littattafai ya zaro ɗaya. Tun daga nesa na gane bangon simintina.

"Iyayena," in ji shi, "tunda nake koyarwa ban taɓa ganin littafin aljabara mai tsafta irin wannan ba. Ku duba. Ko ɗigon kuskure babu. Rubutu kuwa kamar inji ne ya buga."

Jama'a, ban san lokacin da na miƙe ba.

"Na Walida ne, Malam. 'Yata ce."

Har da ɗan juyawa na kalli Dakta, don ta shaida.

Malam ya dube ni. "Hajiya, ai ban yi niyyar faɗin mai shi ba. Kin ga ma hannuna na sa na rufe sunan. Amma tunda kin miƙe, to."

A nan ne murmushina ya fara bushewa, amma na rasa yadda zan koma in zauna.

Ya ɗago takardar nan mai shafi biyu. Ya ce ya san kowa ya ji abin da ke ciki kafin ya sa hannu (kawuna suka gyaɗa, nawa ya fi na kowa). Ya ce a ajinsa ba amsa yake saye ba, hanya yake saye. Dole ɗalibi ya nuna kowane mataki, kuma yawancin makin a kan matakan yake. Ya ce shi ya sa ya hana fensir da abin gogewa: da biro za a yi, wanda ya yi kuskure ya ja layi ɗaya a kai ya bar shi a gani, don ta nan yake sanin inda kan yaro ya karkace. Ya ce wanda ya makara ko ya kasa aikin gida akwai uzuri, wanda bai gane ba ƙofarsa a buɗe take duk Alhamis. Abu ɗaya ne ba ya ɗaga ƙafa a kansa, kuma an rubuta shi ɓaro-ɓaro: duk wanda ya kawo aikin da wani ya yi masa, ya bar ajin, a ba mai jira kujerarsa.

"Wannan littafin kuwa amsoshi ne zalla, babu hanya ko ɗaya. Kuma ba hannun Walida ba ne. Walida, taso."

Ta taso. Ta karɓa ta buɗe. "Wallahi Malam ba littafina ba ne."

"Sunanki ne a bango."

"Ba rubutuna ba ne, Malam."

"Abin da nake faɗa ke nan. Wa ya yi miki?"

Idonta ya ciko da ƙwalla. Ta sake duban shafin, ta ƙura wa rubutun ido, sannan a hankali ta ɗago kai ta dube ni.

"Umma?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Amma kujerar 'yata ce ke shirin tafiya, ni kuma ga ni a tsaye dama.

"Malam, ni ce."

"Ke ce me, Hajiya?"

"Ni na rubuta."

Ya cire hularsa ya mayar. "Ke kika yi mata aikin? Ashe kin yi aljabara?"

"Ni ko sunansa sai bana na ji. Kwafa na yi. Na ga nata ya yi datti ne, sai na tsince masu kyan na zuba a sabo."

"Dattin fa?"

"Na bar shi."

"To ai dattin nake nema, Hajiya. Shi ne aikin. Yana ina?"

Ledar da ke ƙarƙashin hijabina kuwa sai ɗumama mini ciki take yi. Na zaro ta a hankali na miƙa, murya can ƙasa na ce, "Wani ɓangarensa yana nan ciki. Tsaraba ce na kawo maka."

Wani dattijo daga ɓangaren maza ya ce, "Alhamdulillahi! Malam a buɗe mana, tun ɗazu ƙamshin nan ke hana ni jin bayani."

Ai sai ajin ya fashe. Ɗalibai a baya har da dukan benci. Dakta ta cire tabarau tana share hawaye. Ni kuwa na ja hijabi na rufe har hanci.

Malam ya kwance ƙunshin a kan tebur, ya juye awarar a leda, ya kakkaɓe yajin, ya ɗaga takardar saitin taga. Mai ya ratsa ta har ana hango bishiyar waje ta ciki. Ya bi ta da yatsa yana motsa baki. Can sai na ga fuskarsa ta saki.

"Ku duba nan. A layi na uku ta ɓata. A na biyar ta gane da kanta, ta soke, ta koma baya, ta fito daidai. Iyayena, wannan takardar mai maiƙo ita ce abin da nake roƙon 'ya'yanku su kawo mini."

Duk da haka bai sake mu haka nan ba, ya ce doka doka ce. Ya rubuta tambaya a allo ya miƙa wa Walida alli. Ta fara, ta yi layi huɗu, ta tsaya, ta ja sanda ta soke biyu (wallahi hannuna har ƙaiƙayi yake in je in goge mata), ta sake bi, ta ja zane biyu a ƙasa. Malam ya ce, "Koma ki zauna, kujerarki na nan. Litinin ki kawo sauran littafin, in Hajiya ba ta soya shi ba." Ni kuma hukuncina shi ne a karanta mini takardar daga farko har ƙarshe da Hausa, in sake sa hannu. Dakta ce ta karanta mini a wurin. Da ta kai tsakiya ta sunkuyo ta raɗa mini, "Kada ki damu, 'yar'uwa. Ni ma ban karanta ba na sa hannu. Makon jiyan nan na yi wa nawa faɗa kan ɓata littafi." Awarar kuwa ko guda ba ta koma gida ba.

Muka kama hanyar gida ni da Walida. Sai da muka kusa lungunmu na ga kafaɗarta na girgiza, na zaci kuka take, ashe dariya ce ta ci ƙarfinta.

"Umma, don Allah biyun nan da kika dinga saukowa da shi ƙasa, me ya yi miki?"

"Tausayinsa na ji."

"Ai da Malam ya duba amsoshin ma, rabi kin kashe su."

Babanta da ya ji labari sai da ya ajiye cokali don dariya. Har yanzu in zai fita da takardun mota sai ya ɗaga su ya ce, "Maman Walida, waɗannan sun ɗan yi datti, amma don girman Allah a bar mini su haka."

Abin da na koya dai shi ne, duk abin da ban gane ba na daina gyara shi, sai na tambaya. Na ma wuce gona da iri. Shekaranjiya autata mai shekara uku ta samu gawayi ta zane mini bangon tsakar gida tun daga ƙofa har madafa. Na ɗebo ruwa da tsumma, sai na tsaya. Haka bangon ya wuni, sai da Walida ta dawo ta duba ta tabbatar mini ba lissafi ba ne, sannan na goge.